Ƙarin Ciki da Ake Ɗauka Bugun Iska Ne

Ya kai mai karatu, ka sani akwai cutar da kan sa a ce iskoki sun taɓa mutum, alhali asalinta a ciki yake. Wani ɗan ƙari ne, galibi bai kai girman goro ba, mai tsira a fankiriyas, wato tsokar da ke bayan tumbi, wadda ke fitar da insulin mai rage sukarin jini. Ƙarin nan yakan yi ta zubo insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Likitoci na kiransa insulinoma.

Da safe kafin karin kumallo, ko a gona, ko cikin azumi, sai gumi ya keto, jiki ya ɗau rawa, gani ya dushe. Wani ya shiga sambatu, wani ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Da an ba shi ruwan sukari, sai ya dawo hayyacinsa. Idan abin ya daɗe, ƙwaƙwalwa kan lalace, domin sukari ne abincinta, har a rasa rai.

Amma kusan tara cikin goma ba ciwon daji ba ne, kuma fiɗa na warkar da shi, kamar yadda aka fara yi a Toronto ta Kanada a 1929.

Saboda haka, jama'ar Tsafe da Bungudu, idan abin ya taso, a hanzarta asibiti a gwada sukari nan take, sannan a nemi bincike a Asibitin Tarayya na Gusau. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai a baki.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.