Dabarar Kare Shuri Da Ramuwa A Fagen Dambe

A cikin shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya sauka a birnin Kano. Da ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya ba da wuri 2,000 don a yi wasa a gabansa. Mahautan birni suka taho da makaɗansu, aka buɗe fage. Abin da ya rubuta kuwa shi ne, bugun da ya fi kisa shi ne na diddige, sa'ad da ɗan dambe ya juya ya sakar wa abokin karawarsa shuri a ƙarƙashin haƙarƙari ko a gindin kunne.

To, jama'a, ashe tun da can damben Kano da hannu da ƙafa ake yinsa. Hannun da aka naɗe da kara shi ne mashi, ɗayan da a ke miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa. Turmi uku a ke yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, watau an ka da shi.

Hanyar kare shuri uku ce. Ta fari, mutum ya ja da baya taki ɗaya, ƙafar ta share iska. Ta biyu, ya goce gefe. Ta uku, ya matsa kusa tun ƙafar ba ta miƙe ba, gama ƙarfin shuri a ƙarshensa ya ke. Sa'an nan sai ramuwa. Duk mai shuri a kan ƙafa ɗaya ya ke tsaye, kafin ya mai da ɗayar ƙasa ba shi da gindi. A wannan ɗan ƙiftawar ido gwani ya kan saki mashi. Wanda ya yi jinkiri ya yi hasarar damarsa, wanda kuma ya yi gaggawa ya kai kansa ga diddige.

Wannan dabara ita ce kuma ginshiƙin wasan takwando na mutanen Koriya, wanda a cikinsa Abdul Razak Alfaga na Jamhuriyar Nijar ya ci lambar azurfa a wasannin Olamfik na 2016 a Rio. Sai dai su suna sa sulken ƙirji da hular kare kai, ɗan dambenmu kuwa ƙirji a tuɓe ya ke shiga.

Saboda haka mu ke kira ga malaman makaranta. Yara suna kwaikwayon shuri a lungunan birni, ba mai koya musu kariya. In za a bar su su yi, a fara da garkuwa da gociya, a hana bugun kai da na ciki, babba kuma ya tsaya a kansu. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Allah ya kiyashe mana zuriya, amin.