HAKKIN ƊAN ƘWADAGO A CIKIN DUKIYAR UBANGIDANSA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya rarraba arziki a tsakanin bayinsa, ya sanya sashensu yana bukatar sashe domin zaman duniya ya daidaita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a yau da wuya ka shiga babban gari a ƙasar Hausa ba ka tarar da gidan kallon ƙwallo ba. Daga Anka zuwa Bukkuyum zuwa Gummi, samarinmu sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila, sun san abin da kowane ɗaya yake karɓa a mako. Amma ba mu ji ana tambayar ko nawa ake biyan mai yanke ciyawar filin, da mai wanke rigunan 'yan wasa, da mai share wurin zama bayan taro ya watse ba. Hukuncin wasan kansa malamai sun yi bayani a kai, ba shi ne ya kawo mu ba. Abin da muke nufi a wannan mako shi ne ladan waɗannan ƙananan ma'aikata, domin a cikin labarinsu akwai madubin da ya kamata attajiranmu da ma'aikatan hukuma su duba fuskarsu a ciki.

ABIN DA YA AUKU A INGILA

A watan Fabrairu na 2015 aka sayar da iznin nuna wasannin babbar gasar Ingila a talabijin, a cikin ƙasar kaɗai, na shekara uku, a kan fam miliyan 5,136. A lokacin nan mafi ƙarancin ladan da dokar ƙasar ta yanka wa baligin ma'aikaci fam 6.50 ne a awa. Watau mai sharar da ya yi awa 40 zai tashi da fam 260 a mako. Ɗan wasan da ke karɓar fam 100,000 a mako kuwa, kuma akwai waɗanda suka zarce haka, abin da ya samu a kwana bakwai sai mai sharar ya shekara bakwai da 'yan watanni yana aiki kafin ya tara shi.

Tun a 2001 waɗansu jama'a a gabashin birnin Landan, daga coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin ƙwadago, suka ɗaura aniyar neman a riƙa biyan ladan da zai ishi mutum ci da sutura da kuɗin haya, ko da ya ɗara abin da doka ta wajabta. A watan Disamba na 2014 Chelsea ta zama ta farko a babbar gasar da ta sa hannu a kan haka, ta amince da fam 9.15 a awa a Landan, har da waɗanda ke yi mata aiki ta hannun 'yan kwangila. Everton da Liverpool da West Ham suka bi sahu a shekarun da suka biyo baya.

To, ga inda gizo ke saƙar. A watan Maris na 2015 ƙungiyoyin nan ashirin suka yi alkawarin biyan wannan lada, amma ga ma'aikatansu na dindindin kawai. Masu shara da masu dafa abinci da masu tsaron ƙofa, waɗanda galibinsu ta hannun kamfanonin kwangila ake ɗaukarsu, alkawarin bai haɗa da su ba. Mai dukiya ya sanya wani a tsakaninsa da lebura, sa'an nan ya ce ladan lebura ba ruwansa. Wannan dabara ita ce muke so mai karatu ya riƙe, domin za mu sake gamuwa da ita a gida.

ABIN DA SHARI'A TA SHIMFIƊA

Ɗaukar mutum aiki a kan lada shi malaman fiƙihu suke kira ijara, kuma sun ajiye ta kusa da babin ciniki, domin sayar da amfanin jiki ne. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya sani, sharaɗin halaccinta shi ne a yanka wa'adi, a kuma ambaci lada. Asalin wannan yana cikin Suratul Ƙasasi, inda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa aiki: ya faɗi wa'adin shekara takwas, ya bar cikon biyun ga zaɓin Musa, ya kuma bayyana cewa ba ya nufin tsananta masa.

Abu na biyu shi ne gaggauta biya. Ibn Majah ya ruwaito umurnin a bai wa ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, kuma a cikin Muwaɗɗa Malik an kira jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci. Mafi tsanani duka shi ne abin da Buhari ya ruwaito, cewa mutum uku Allah da kansa ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi lada.

Abu na uku shi ne ladan ya zama mai isarwa. Abu Zarri ya ruwaito cewa masu yi mana hidima 'yan'uwanmu ne, a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Malik ya kawo labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da maganar ta je gaban Sayyidina Umar, sai ya gane ubangidansu ne yake barinsu da yunwa, ya juya kansa, ya ci shi tarar dirhami 800, ninki biyu na kuɗin taguwar. Ka ga ke nan Umar ya bi sawun laifin har ƙofar wanda ya haddasa yunwar.

RAMUKAN ZINARI A ANKA DA BUKKUYUM

Mu dawo gida. A yammacin Zamfara babbar dukiyar da ake tarawa da gumin talaka ita ce zinari. Sa'ad da farashinsa ya tashi a kasuwannin duniya bayan 2008, sai mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa haƙar duwatsu. A galibin irin wannan aiki akwai mai jari, wanda ke ba da kayan aiki da abinci, sa'an nan akwai masu shiga rami, da masu fasa dutse, da masu niƙa, da masu wankewa su kama zinarin da zaiba. A ƙarshe dillali ya auna, ya saya, ya wuce da shi birni, daga nan ya ƙetare teku.

Duwatsun nan suna ɗauke da dalma mai yawa. Saboda rashin wurin aiki na musamman, a cikin gidaje aka riƙa daka su a turmi, ana niƙa su a irin injin da ake niƙa hatsi, ƙura na sauka inda jarirai ke rarrafe. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar yara a yankin. Kafin a shawo kan abin, yara aƙalla 400 suka rasu ta dalilin gubar dalma, dubbai kuma suka bukaci magani, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Bagega kuwa sai a 2013 aka soma kwashe gurɓatacciyar ƙasar da ke gidajenta, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga Gwamnatin Tarayya. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda ta'adin 'yan bindiga, ta kuma ɗage hanin a watan Disamba na 2024.

Tunda aiki ya sake halatta a doka, wajibi ne a yi tambayar da ba a yi ba a farko: mene ne rabon wanda ya shiga ramin? A nan akwai mas'aloli biyu.

Ta farko, jahiltar lada. Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa ijarar da ta ɓaci, ya kawo misalin biyan mai fiɗa da fatar dabbar da zai feɗe, da biyan mai niƙa da dusar da za ta fita, domin babu wanda ya san yadda fatar za ta fito ko yawan dusar. Wanda aka ce ya yi wata guda yana haƙa, ladansa rabo ne daga buhunan dutsen da ba a san abin da ke cikinsu ba, kuma aka sharɗanta masa ba zai sayar wa kowa ba sai mai jari a farashin da mai jari ya ga dama, lalle matsayinsa ya yi kama da na mai niƙan nan. In tarayya ake nufi, to a bayyana rabon kowa, a bar ma'auni a fili. In ƙwadago ne, a yanka lada sananne. Idan kuwa yarjejeniya ta ɓaci alhali an riga an yi aikin, malamai sun ce a koma ga ujratul misli, watau ladan da aka saba biyan irinsa a kan irin wannan aiki.

Ta biyu, cuta. Wanda ya sa mutum aiki mai haɗari, alhali ya san haɗarin, bai tanadi wurin niƙa nesa da gidaje ba, bai kawo ruwan da zai kwantar da ƙura ba, ya ɗora wa ma'aikaci da iyalinsa wani farashi da ba a ambata a ciniki ba. Attajirin da ke zaune a Gusau ko Kano yana ba da jari ta hannun wakili bai kuɓuta da cewa bai taɓa ganin ramin ba. Dabarar ƙungiyoyin ƙwallon nan ce ta sake riga. Wakilci ba ya ɗauke alhaki daga kan wanda ribar ke komawa aljihunsa.

GA 'YAN KASUWA DA MA'AIKATAN HUKUMA

Kada mai shago ya ce maganar masu zinari ake yi. Yaro nawa ne ke tsaron shago shekara da shekaru ba a taɓa yanka masa albashi ba, sai kuɗin abinci da alkawarin wata rana za a sallame shi da jari? Al'adar sallama kyakkyawa ce, ta kafa 'yan kasuwa da yawa a ƙasar nan. Amma in babu wa'adi, babu adadi, babu shaidu, ranar da ubangida ya rasu magada ba su san da zancen ba, yaro ya tashi a tutar babu. Haka ɗan dako a kasuwa, da 'yan ƙwadagon da ke dashen shinkafa da cirar albasa a fadamun Gummi: a yi jinga kafin a sa hannu a aiki, kada a ce yi, za mu daidaita.

Ma'aikatan hukuma kuwa sun fi kowa sanin ɗacin wannan al'amari. A 1981 aka fara yanka mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 125, wadda a canjin lokacin ta kai kimanin dala 200. Ya zama Naira 18,000 a 2011, Naira 30,000 a 2019, sa'an nan Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, wadda a canjin wancan lokacin ba ta kai dala 50 ba. Lamba ta ƙaru, abin da take saye ya ragu. To, wanda ya san zafin jiran albashi, yaya zai koma gida ya riƙe na mai gadinsa da na 'yar aikinsa har wata ya raba? Kuma akawun da takardar biyan masinjoji da masu shara da leburorin wucin gadi ke kwana a teburinsa, ya sani jinkirinsa yana cikin awo.

Wani zai ce, ai da yardarsa ya karɓa, ba wanda ya tilasta shi. Gaskiya ne yarda sharaɗi ce a ciniki. Amma mutumin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ya kwana da yunwa, ko nawa ka taya zai sallama. Malamai sun ƙi cin ribar matsuwar matsattse, kuma Ibn Taimiyya a littafinsa na Hisba ya bayyana cewa shugaba yana da ikon tsayar da ladan da ya dace idan jama'a na bukatar aikin, domin kada ɗayan ɓangarorin ya zalunci ɗaya. Saboda haka albashin da hukuma ta yanka, Musulmi ya ɗauke shi a matsayin ƙasan ma'auni. Wanda Allah ya yalwata wa, ya duba farashin tiyar gero a kasuwar garinsu, ya lissafa bakunan da ke gidan ma'aikacinsa, ya ƙara.

Muna kira ga sarakunan Anka da Bukkuyum da Gummi, da limamai da shugabannin kasuwa, su tsaya a kan abu uku: a ambaci lada kafin aiki, a rubuta shi ko a kafa shaidu, a biya a ranar da aka yanka. Mai jari kuma ya tambayi wakilinsa nawa ne ya isa hannun lebura, ya bincika da kansa. Wanda ya san akwai ladan wani a cikin dukiyarsa, ya tuna da ɗayan mutum ukun nan da dutse ya rufe a kogo, wanda ya juya ladan ma'aikacinsa har ya zama garke, ya miƙa masa duka bai rage ko ɗaya ba, Allah ya sanya wannan ya zama sanadin fitarsu. Ya nemi mai hakki ya biya shi tun ana biya da Naira, kafin ranar da ba a biya sai da ayyukan lada.

Allah ya tsarkake dukiyoyinmu daga hakkin mutane, ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba ƙasar Zamfara lafiya da zama lafiya. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.