Agogon Auna Hawan Jini: Tsakanin Yayin Birni da Buƙatar Gungunan Yauri

Lafiya uwar jiki, in ji Hausawa, babu mai fushi da ke. Wataƙila wannan ne ya sa a 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo tsakanin 'yan bokonmu na Arewa, wato ɗaura agogon zamani wanda aka ce yana auna hawan jini dare da rana ba tare da an matse wa mutum damtse ba. Duk mai shiga ofisoshin Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna ko Abuja ya ga irinsa a hannun abokan aiki. Abin bai tsaya nan ba, domin da yawa daga cikinmu 'yan ƙasar Yauri, idan za mu gida hutun salla, mukan sayi irin wannan agogo tsaraba ga iyayenmu da ke Yelwa, Birnin Yauri, Wara ko Shanga, mu koma bakin aiki hankali kwance da tunanin mun bar musu likita a hannu.

Wannan kwanciyar hankali ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina a taƙaice shi ne, fasahar tana da alfanu kuma tana tafe, amma a matakin da take a yau ba ta tsaya da ƙafarta ba, jingine take da tsohuwar na'ura mai ɗamarar da ake ɗaurawa a damtse. Mutumin bakin tafkin Kainji kuwa, abin da ke kwantar da shi ba rashin awon kowane minti ba ne, rashin awo ne ko sau ɗaya a shekara.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mai karatu ya san mafarin abin. A 1733 wani Bature ɗan Ingila mai suna Stephen Hales ya soka bututu a jijiyar doki, ya ga yadda jini ya haura cikin dogon gilashi, wanda shi ne awon farko da tarihi ya adana. Sai a 1896 likitan Italiya Scipione Riva-Rocci ya fito da ɗamarar da ake hura wa iska a damtse. A 1905 kuma likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff ya gano cewa idan aka kasa kunne ga jijiya yayin da ake sassauta iskar, ana jin sautin da ke nuna lambar sama da ta ƙasa. Fiye da shekara 100 ke nan duk magungunan hawan jini da ake sha, da iyakar nan ta 140 bisa 90 da likitocinmu ke aiki da ita, a kan awon wannan ɗamara aka gina su.

Sai dai ɗamarar tana da nata raunin. Awo ɗaya take bayarwa a lokaci ɗaya, alhali jinin ɗan Adam yana hawa da sauka tun daga asuba har dare. Akwai wanda ganin likita kaɗai kan sa jininsa ya hau, da ya koma gida ya sauka. Akwai kuma wanda a asibiti lafiya lau, amma a kasuwa ko a cikin barci jininsa na sama, kuma wannan ya fi haɗari domin ba a farga da shi. A ƙa'ida jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 idan mutum ya yi barci, wanda nasa ba ya sauka kuwa ya fi fuskantar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda. Don gano irin wannan ne manyan asibitoci ke ɗaura wa majiyyaci na'urar awa 24, wadda ke matse damtse kowane minti 15 zuwa 30, har cikin dare. Wanda ya taɓa kwana da ita ya san barci sai dai ɓarawo. Saboda haka burin samar da abin da zai auna jini shiru, ba matsi ba farkarwa, buri ne mai ma'ana.

To yaya agogon ke aiki? A bayansa akwai 'yar fitila, galibi koriya, da ke haska fata, da kuma wani ɗan ido da ke karɓar hasken da ya dawo. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini kan cika ƙananan jijiyoyin wuyan hannu, sai hasken da ke dawowa ya ragu. Daga siffar wannan hawa da saukar haske, ko daga lokacin da bugun ya ɗauka kafin ya iso hannu daga zuciya, manhajar da ke ciki take yin lissafi ta fitar da lamba. A nan gizo ke saƙar. Agogon bai auna ƙarfin jinin ba, kintata shi ya yi. Kuma kafin ya iya kintacen, dole sai an fara saita shi da na'ura mai ɗamara. Agogon Samsung, wanda hukumar Koriya ta Kudu ta amince da wannan aiki nasa a 2020, yana buƙatar a sake saita shi da ɗamara duk mako huɗu. Haka ma awarwaron kamfanin Aktiia na Suwizalan, wanda aka sauya wa suna zuwa Hilo kuma ya samu izinin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka a 2025, tare da tasa ɗamarar ake sayar da shi. Wasu agogunan kuma, kamar Omron HeartGuide da Huawei Watch D, ɗamarar ce aka ƙanƙantar aka ɓoye a cikin maɗaurinsu, suna hura iska kamar kowace na'ura.

Me masana suka gano da suka gwada? A 2022 wasu likitoci a Beljiyam sun gwada agogon Samsung a jikin mutum 40, suka kwatanta da na'urar awa 24. Sun tarar agogon yana jan lambarsa zuwa inda aka saita shi, wato yana ƙara wa mai ƙarancin jini, yana rage wa wanda nasa ya hau. Ka ga ke nan a daidai lokacin da ake buƙatar ya yi ƙara, a lokacin yake yin shiru. A wannan shekarar ce Ƙungiyar Masana Hawan Jini ta Turai ta fitar da matsayarta cewa kada a dogara da na'urori marasa ɗamara wajen tabbatar da cutar ko daidaita magani, ta kuma maimaita hakan a ƙa'idojinta na 2023. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka ma sun bi wannan layi a ƙa'idojinsu na 2025. Shi kuwa kamfanin Apple, da ya fito da nasa a watan Satumban 2025, bai yarda ya ba da lamba ba sam. Agogon nasa yakan nazarci bugun jijiya na kwana 30, idan ya ga alama sai ya shawarci mai shi ya je ya auna da ɗamara. A gwajin da kamfanin ya yi da kansa, kimanin mutum 4 cikin 10 masu hawan jini kaɗai agogon ya ankarar.

Akwai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye, wato launin fata. Sinadarin da ke sa fatarmu baƙi yana shanye haske, musamman kore. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, wadda ita ma da haske take aiki, takan kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Ba na cewa kowane agogo yana da wannan aibi, amma duk wanda zai sayar mana da na'urar haske, haƙƙinmu ne mu tambaye shi a jikin wa aka gwada ta. Hannun Basarken da ya shekara 30 yana jan koma da tuƙa kwale-kwale cikin rana da ruwa daban yake da hannun ma'aikacin banki a Zurik.

Duk wannan fa magana ce ta agogunan manyan kamfanoni, waɗanda a 2025 sabon na Apple ya fara daga dala 399, fiye da albashin wata bakwai na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Abin da ya cika kasuwanninmu da shagunan intanet kuwa wani abu ne daban, agogunan 'yan dubbai marasa asali. A 2020 masu bincike a Ostireliya sun duba na'urori 972 da ake sayarwa ta intanet a ƙasarsu. Daga cikin masu ɗamarar damtse, kashi 18 cikin 100 ne kawai aka tantance ingancinsu, daga cikin 532 masu kama da agogo kuwa ko ɗaya babu. Idan haka abin yake a can, ina ga kasuwar da kaya ke shigowa ta kowace kafa? Haɗarin a fili yake. Dattijon da ke shan maganinsa kullum, idan tsarabar ɗansa ta yi ta nuna masa 120 bisa 80 safe da yamma, me zai hana shi ajiye maganin? Araha, in ji masu magana, ba ta ado, a nan kuwa tana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki.

Yanzu mu dawo gida. Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tayar da kimanin mutum 44,000 daga ƙasashen Yauri da Borgu, rayuwar jama'a ta ƙara ɗauruwa da tafkin. Gungawa, Kambari, Shangawa da Sarkawa da dama suna zaune a gungu ko a ƙauyukan gaɓa, inda hanyar zuwa babban asibitin Yelwa ko na Wara ita ce jirgin ruwa. Ba mu manta da hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa. Wanda tafiyarsa ta asibiti ke nan ba zai kama hanya don ciwon da ba ya jin zafinsa ba. Idan kuma cutar ta kai ga ƙoda ko ƙwaƙwalwa, sai an nausa Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a sayar da albasa da shinkafar shekara, wani lokaci har da gona.

Alƙaluma ma sun nuna inda matsalar take. Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa masu hawan jini a Nijeriya sun tashi daga miliyan 4.3 a 1995 zuwa miliyan 27.5 a 2020. Daga cikinsu kashi 29 cikin 100 ne suka san suna da shi, kashi 12 ke shan magani, waɗanda jininsu ya daidaita kuwa ba su kai kashi 3 ba. Wato mutum 7 cikin 10 ba su ma san da cutar ba. Mafi ban tausayi su ne mata masu juna biyu, domin hawan jinin ciki shi ke kai wa ga jijjiga, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wurin haihuwa a Arewa, alhali awon minti biyar a lokacin awon ciki yana iya ankarar da ungozoma.

Ba sai mun je Turai neman darasi ba. A 2020 aka fara wani shiri a jihohin Kano da Ogun, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya, inda aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su auna duk baligin da ya shigo, su fara ba shi magani bisa tsari guda mai sauƙi, su kuma riƙa bibiyarsa. Jami'ar Abuja ta gudanar da makamancinsa a cibiyoyi 60 na Babban Birnin Tarayya. Kayan aikin ba su wuce na'ura mai ɗamara da aka tantance, batir, rajista da ƙwayar magani ba.

Don haka ina kira ga gwamnatin Jihar Kebbi da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da su tabbatar kowace cibiyar lafiya matakin farko tana da ingantacciyar na'ura mai aiki, da ɗamara babba da ƙarama, domin ɗamarar da ta yi wa damtse kaɗan takan ƙara lamba. Asusun kula da lafiya matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, da hukumar KECHEMA, su sa maganin hawan jini a sahun gaba. A kafa teburin awo a ranakun kasuwa da tashoshin jiragen ruwa, da lokacin bikin Rigata, da kuma ranar 17 ga Mayu da duniya ta keɓe don wannan cuta. Hukumar NAFDAC ta sa ido kan duk agogon da ke iƙirarin auna jini. Jami'o'inmu kuma su nemi a yi gwajin sababbin na'urorin a nan. An gwada manhajar OptiBP, mai auna jini ta kyamarar wayar hannu, a Tanzaniya, Afirka ta Kudu da Bangaladash, aka wallafa sakamakon a 2023. Ban ga abin da zai hana a yi irin wannan a Yelwa ba, domin ranar da fasahar ta nuna, mazauna gungu ne za su fi kowa cin moriyarta.

Mu kuma 'yan boko, gyara ya fara daga tsarabarmu. Kuɗin agogo ɗaya na gaske ya isa sayen na'urori masu ɗamara da dama, ɗaya ta gida, sauran a miƙa wa ɗakin shan maganin unguwa. A duba sunan na'urar a jerin STRIDE BP na intanet kafin a biya. A koya wa wani yaro a gidan yadda ake awo: mutum ya zauna ya huta minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, a auna sau biyu a rubuta a littafi. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Mai agogo ya ci gaba da ɗaura abinsa, ya ƙirga takunsa da bugun zuciyarsa, amma kada ya ƙara ko ya rage ƙwaya ɗaya bisa abin da agogon ya faɗa sai likita ya auna da ɗamara. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.