Me ya sa kwamfuta ke tsallake lamba bayan an goge suna?

A shagunan magani, makarantu masu zaman kansu da ma'aikatun magajin gari na Maraɗi, kwamfuta na ci gaba da maye gurbin babban littafin rajista. Sai dai akwai abin da ke yawan haddasa zargi: mai shago ya duba jerin ciniki, ya ga 57, ya ga 59, babu 58. Nan take hankali ya koma kan mai karɓar kuɗi.

Ga yadda abin yake. A rumbun bayanai, duk layin da aka shigar, na suna ne ko na ciniki, kwamfuta na ba shi lambar shaida daga wani ma'ƙirgi mai tafiya gaba kawai. In an goge layi na 58, sauran ba sa matsowa su cike gurbin, kuma sabon shiga zai karɓi 60. Wani lokacin ma ba a goge komi ba: in aka fara rubuta ciniki sannan aka fasa, ko aikin ya katse, manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL ba sa maido da lambar da suka riga suka fitar.

Da gangan aka tsara hakan. A ɗauka wata ƙungiyar manoman rani a fadamar Jiratawa na da jeri biyu: na membobi, da na bashin taki da kuɗin ruwa. Jerin bashi bai san suna ba, lamba ya sani. In aka goge manomi mai lamba 214, aka ba wani sabo lambarsa, bashin na farko zai iya hawa kan wanda bai ci ba bai sha ba. Irin wannan ne ke faruwa da layin salula da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba: kamfani ya sake saida shi, kiran tsohon mai shi ya riƙa zuwa wa baƙo.

Amma ba duk manhajoji ne ke da hali ɗaya ba. SQLite, wadda ke cikin wayoyin Android, takan ɗauki lamba mafi girma da ta rage ta ƙara ɗaya. Don haka in layin ƙarshe aka goge, lambarsa na iya dawowa, sai fa in mai tsara manhajar ya hana. MySQL ma, kafin fitowar zubi na 8.0 a 2018, takan yi haka idan an kashe ta an sake kunnawa.

Darasi biyu ke nan. Na farko, lambar ƙarshe ba ita ce jimilla ba: in rajistar wata makaranta a Tibiri ta kai lamba 900, ba lalle ɗalibai 900 ne ba. Na biyu, giɓi shi kaɗai ba hujjar cin amana ba ne, dalili ne na yin tambaya.

Mafi kyau shi ne kada a goge, a sa wa layin alamar "an soke", tare da ranar sokewa da sunan wanda ya soke. Dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ita ma ta hana kankare kuskure a littattafan kasuwanci: sai dai a gyara shi da sabon rubutu, tsohon yana nan ana gani.