Tseren Babur da Dare a Cikin Duwatsu: Tsari Ne ko Ganganci?

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin sukuwa, shi ya sa da babur ya zo ƙasar nan sai aka ara masa kalmomin doki: hawansa ake yi, kuma sirdi gare shi. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wata irin sukuwar zamani, wato tseren babur da ake shiryawa a daji da duwatsu, wanda dare kan riski mahayansa a hanya. Manufar ita ce a gano abin da ya bambanta wannan wasa da gangancin da wasu matasa ke yi da babur a titunan Gombe.

Inda ake yin wasan

Tseren da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne na Faris zuwa Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro shi, bayan ya ɓace a kan babur a hamadar Tenere a 1977. An tashi daga Faris ranar 26 ga Disamba, 1978, aka isa Dakar ranar 14 ga Janairu, 1979, bayan an ratsa ta Agadas da Yamai. Ababen hawa 182 ne suka fara, 74 kacal suka ƙarasa, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur ƙirar Yamaha. A shekarun da suka biyo baya tseren ya sha bi ta duwatsun Azbin, inda duk wanda ya makara da rana sai ya ƙarasa zangonsa cikin duhu. An soke tseren 2008 saboda matsalar tsaro, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun daga 2020.

A ƙasar Meziko kuma akwai tseren Baja 1000 da aka fara a 1967. Shi ba a yada zango a cikinsa, don haka mahayi kan kwana yana tafiya a kan duwatsu da rairayi.

Abin da dare ke sauyawa

Da rana mahayi yana hango hanya daga nesa, da dare kuwa duniyarsa ba ta wuce iyakar hasken fitilarsa ba. Ga ɗan lissafi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan mahayi ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane abin da ke gabansa ya taka birki, ya riga ya ci mita 25. Daga nan ne ma birkin zai fara aiki, kuma a kan tsakuwa taya kan zame, tsayawa ta ƙara nisa. Saboda haka babbar ƙa'idar wasan ita ce kada gudunka ya wuce haskenka.

Na biyu, fitilar babur gaba kawai take haskawa, alhali hanyar dutse kwana-kwana ce. Shi ya sa mahaya ke ɗaura wata fitilar a hular kwano, domin haske ya bi duk inda ido ya juya. Haka kuma haske kan jefa inuwa, ƙaramin rami ya zama kamar rijiya, babban rami kuma ya ɓuya. Idan akwai ƙura, kamar a lokacin hunturu, hasken kan dawo wa mahayi a ido.

Na uku shi ne tsawon dutsen kansa. Duk hawan mita 1,000 zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6, ga iskar ba ta da kauri, sai ƙarfin inji ya ragu. Hannun da sanyi ya sandarar ba ya saurin kama birki. Gangara kuma ta fi hawa haɗari, domin wanda ya danne birki ba sassautawa zai sa ya yi zafi ya daina ci. Gwanaye da ƙaramar giya suke gangarawa, injin ya taya su riƙe babur.

Tsarin da ke tsare rai

Masu shirya irin wannan tsere sukan duba kowane babur da kayan kariyar mahayi kafin a tashi. A tseren Dakar ana sallamar mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ke nuna masa hanya da wuraren haɗari. Akwai tashoshin da ake rubuta wanda ya wuce, ta yadda in wani bai iso ba za a san tsakanin inda za a neme shi. Akwai likitoci, akwai kuma babbar motar da ke bin baya tana kwasar waɗanda baburansu suka lalace.

Duk da haka an yi asarar rayuka. Tun a tseren farko wani mahayi, Patrick Dodin, ya faɗi kusa da Agadas yana ƙoƙarin gyara hular kwanonsa, kuma raunin ya yi ajalinsa. Shi kansa Sabine ya rasu ranar 14 ga Janairu, 1986, lokacin da jirginsu mai saukar ungulu ya faɗi a Mali bayan faɗuwar rana. A 2006 motocin tseren sun kashe yara biyu a Gini da Sanagal, waɗanda ba su da hannu a wasan.

Darasi ga mutanen Gombe

Jihar Gombe tana da irin wannan ƙasa. Duk wanda ya hau tudun Tula ta ƙaramar hukumar Kaltungo, ko ya zaga ƙauyukan gindin dutsen Bima, ya san hanya mai kwana da gangara. 'Yan acaɓa na bin waɗannan hanyoyi bayan magariba ranar kasuwa, da fasinja da buhu, wani lokacin da mai naƙuda. Ba su da likita a baya, ba mai rubuta wucewarsu. Lissafin haske da birki da aka yi a sama ya fi shafar su fiye da ɗan tsere. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairu, 2009, amma har yanzu kai tsirara ya fi yawa a hanya.

Kammalawa

Ɗan tseren gaskiya ya shirya wa haɗari tun kafin ya tayar da inji, kuma a hanyar da aka tsara yake gudunsa. Matashin da ke ɗaga tayar gaba a ayarin kai amarya, cikin mutane, da fitila mai lumshi, bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.