Tarihin Garinmu Yana Ɗakin Kaka



Yau zancenmu a kan masu adana tarihin gari ne. Wata za ta ce, ni da ko zaure ban cika leƙawa ba, ina ruwana? To, ɗan ajiye muciya ki saurara.

A wasu garuruwa akan kafa kwamitin dattawa, malamai, masu unguwanni da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Aikinsu su san tsofaffin gine-gine, rijiyoyi da masallatai, su rubuta labarinsu, su kai kuka gaba idan za a rushe su.

Mu ɗauki Kano. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birni, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Yau ɗibar ƙasa, zubar da shara da gine-gine sun cinye mafi yawanta. Akwai hukumar tarihi ta jiha a Gidan Ɗan Hausa, akwai gidan tarihi na Gidan Makama, amma ma'aikaci ba ya kwana a gindin badala. 'Yan unguwa su ne idonsa.

Sai dai fa gini kurma ne, sai an ba da labarinsa, kuma rabin labarin yana bakin mata. Kun san Baba ta Karo? Tsohuwa ce da ta zauna a ƙasar Zazzau. A 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin aure, ƙawance, kamun bayi da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da ta yi shiru, da duk an binne su tare.

To ke fa? Ki tambayi kaka ko surukarki asalin sunan unguwarku da waƙoƙin niƙa da na daka. Ki ɗauki muryarta a waya da izininta, ko 'yarki ta rubuta. Tsohuwar tasa, adudu ko zanen saƙi, kada a ba 'yan gwangwan. Idan yara sun ce ana haƙar ganuwa, ki gaya wa maigida ya sanar da mai unguwa.

Da tsohuwar zuma ake magani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.