Karamba Diaby: Baƙon da ya wakilci birnin Halle a majalisar dokokin Jamus

A zaɓen watan Satumban 2013, Dokta Karamba Diaby, masanin kimiyyar sinadarai haifaffen ƙasar Senegal, ya samu kujera a majalisar dokokin tarayyar Jamus, wato Bundestag.

Shi da Charles Huber na jam'iyyar CDU ne baƙar fata na farko da suka shiga wannan majalisa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne inda ya fito takara: birnin Halle na jihar Saxony-Anhalt, a tsohuwar Jamus ta Gabas, yankin da baƙi ba su da yawa, kuma masu ƙyamar baƙi ke da ƙarfi.

Maraya daga Kasamans

An haifi Diaby a 1961 a garin Marsassoum na yankin Kasamans, a kudancin Senegal, cikin gidan Musulmi. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta rene shi.

Bayan karatu a jami'ar Dakar, ya samu tallafin ƙaro ilimi a Jamus ta Gabas a 1985, lokacin tana ƙarƙashin mulkin gurguzu. Ya fara koyon Jamusanci a Leipzig, sannan ya wuce jami'ar Halle a 1986.

Yana tsakiyar karatu aka rushe katangar Berlin a 1989, ƙasar da ta gayyato shi kuma ta narke cikin haɗaɗɗiyar Jamus a 1990. Shi dai ya zauna, har ya kammala digirin digirgir a 1996.

Yadda ya san mutanen gari

Binciken digirin nasa ya shafi gurɓatar ƙasa a ƙananan lambunan da mazauna Halle ke nomawa a gefen gari, kasancewar yankin cibiya ce ta masana'antun sinadarai.

Wannan aiki ya shigar da shi cikin ma'aikata da 'yan fansho, yana ɗibar ƙasa daga lambunansu, yana kuma jin abin da ke damunsu. Irin waɗannan mutane ne masu ƙuri'a a Halle.

A ɗaya ɓangaren kuma ya zama muryar baƙi, har ya shugabanci majalisar tarayya ta wakilan baƙi mazauna Jamus.

Sai dai shugabancin baƙi kaɗai ba ya kai mutum majalisa, domin wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa ba ya zaɓen 'yan majalisar tarayya. Diaby ya zama ɗan Jamus a 2001, ya shiga jam'iyyar SPD a 2008, aka zaɓe shi kansila a Halle a 2009.

Ƙuri'a biyu

A Jamus kowane mai zaɓe na da ƙuri'a biyu: ɗaya ta ɗan takarar mazaɓarsa, ɗaya ta jam'iyya. Jam'iyyu na samun kujeru gwargwadon ƙuri'a ta biyu, su raba wa waɗanda ke cikin jerin sunayen da suka tsara a kowace jiha.

Ta wannan jerin ne Diaby ya shiga majalisa a 2013 da 2017. Amma a 2021 ya lashe mazaɓar Halle kai tsaye, wato mutanen gari da kansu suka fifita shi a kan sauran 'yan takara.

Barazana

Nasarar ba ta zo a arha ba. Ya sha samun saƙonnin zagi da barazanar kisa.

A watan Janairun 2020 an tarar da ramukan harsasai a tagar ofishinsa na Halle, watanni uku bayan wani ɗan bindiga mai aƙidar wariyar launin fata ya kai hari wurin ibadar Yahudawa na birnin, ya kuma kashe mutum biyu. A watan Mayun 2023 an cinna wa ofishin wuta.

A watan Yulin 2024 ya bayyana cewa ba zai sake tsayawa ba, yana mai cewa yana son samun lokaci da iyalinsa, ya kuma bai wa matasa dama. Ya ce ƙyamar baƙi ba ita ce babban dalili ba, ko da yake ya zargi jam'iyyar AfD da rura wutar ƙiyayya a zauren majalisa. Wa'adinsa ya ƙare bayan zaɓen Fabrairun 2025.

Ɗan ƙasa da baƙo

Tambayar ko wanda ya zo daga wani wuri zai iya wakiltar gari ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, inda takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ke raba ɗan ƙasa da mazauni.

Amma a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Kamar Diaby a Halle, ƙuri'un 'yan uwansa baƙi kaɗai ba za su isa su ba shi wannan kujera ba.